Sukarin Majo Labo

Kowace safiya, kafin rana ta yi zafi, Fadila takan ɗauki tabarmar mahaifiyarta ta wuce ƙofar gidansu, ta wuce rijiya, ta shimfiɗa ta a bakin wani lungu da ke bayan rumbunan maigari. Daga nan sai ta koma ta kamo tsohuwar. Nan Hasiya take zama, zane lulluɓe da ƙafafunta, har inuwa ta janye. Ba ta sayar da komai a wurin, ba ta kuma roƙo. Mutanen Gidan Tata sun san wanda take jira, shi ya sa ba mai tambayarta.

Gidan Tata ƙaramin gari ne a gefen hanyar Gazawa zuwa Gangara. Kakannin Hasiya daga wajen Katsina suka hauro suka sari daji a nan, lokacin da gyaɗa ke da daraja. Wurin goggonta ta koyi karɓar haihuwa. Da aka gina likita, wato ɗakin shan magani, a garin, zamanin mulkin soja, aka ɗauke ta tare da wasu mata biyu aka kai su Agye, aka koya musu wanke hannu da dafa almakashi, aka maido su da ɗan akwati kowace. Su uku suka riƙa karɓa-karɓa: in wannan ta kwana a likita yau, gobe waccan, jibi ta ukun.

Haka aka yi ta yi har aka kawo Majo Labo. Majo shi ne babban ma'aikacin likitar ƙauye, shi ke allura, shi ke ba da magani, shi ke faɗin wanda zai yi me. Har waɗanda ba su ƙaunar Labo sun yarda ya san aikinsa, hannunsa ba ya zafi a allura. Amma ya zo da wata al'ada: in damina ta faɗi, duk wanda ke ƙarƙashinsa sai ya je ya yi masa noma a gonar da maigari ya ara masa. Maigadi ya je, mai shara ya je, ungozomomi su je.

A wannan ƙasa mace tana noma a gandun mijinta, sannan tana da ɗan yankinta na kanta, gamana, inda take samun na sabulu da na kayan ɗakin ɗiya. Ranar da Majo ya sa ta faɗo daidai da ranar da mijin Hasiya, Ɗanasabe, yake sakinta ta je gamanarta. Ta ɗauki haiwarta ta noma ta tafi tata gonar.

Washegari Majo ya tare ta a gaban masu jiran magani.

"Hasiya, ban gan ki gona ba jiya."

"Majo, gamanata ma haki ya cinye ta. Rana guda gare ni cikin bakwai."

"To, ashe ranarki tsada gare ta."

"Ba tsada ba ce, ranka shi daɗe. Ita kaɗai ce gare ni."

"Riƙe abarki," in ji Majo. "Daga yau rana taki ce, na bar miki. Ki ba ni darenki."

Masu jiran magani suka yi dariya, ita ma ta murmusa. Ta ɗauka horon sati guda ne ko biyu. Sai da ta yi shekara goma sha wani abu tana kwana a likita, ban da ranar da ita kanta take jego.

Sau ɗaya ta kai kuka Agye. Ta zauna a ƙofar buro, ofishin manyan Majo, tun hantsi, aka saurare ta, aka ce ta koma za a duba. Mutumin da ya saurare ta ya zo garin bayan ƴan kwanaki, ya sauka gidan Majo, ya ci kaji, ya koma. Ba ta sake zuwa ba. Barin aikin kuma bai yiwu ba, domin naman suna da hatsin da ake aika wa ungozoma su ne suka riƙe gidanta a shekarun fari.

Ba ita kaɗai ke kwana a likitar ba. Akwai maigadi, Jaye, wanda iyayensa Fulani ne da suka rasa shanu suka zauna noma. Jaye bai iya zama ba tare da butar shayi a kan gawayi ba, kuma wurinsa ne ƴan hira da masu jinya suke taruwa. Shayi hawa uku ake dafa shi. Na fari mai ɗaci na manyan maza ne. Na biyu shi ma maza ke shanyewa. Na uku, wanda ganyen ya riga ya mutu sai a cika shi da sukari don ya shawu, shi ake miƙa wa mata da yara. Babu wanda ya taɓa faɗin haka da baki, haka kowa ya taras.

"Uwar dare, ga naki," Jaye zai ce, ya miƙa mata ta taga. "Na zuba miki har cokali na tsayuwa."

"Allah shi tsine wa rowarka, Bafillace. Ruwan wankin buta kake ba ni, ka ce shayi."

"Ki sha dai, kada ki yi gyangyaɗi ki yanke wa ɗan mutane kunne."

Tana sha, domin idonta na bukata. In mai naƙuda ta ja lokaci, Jaye ya ɗora sabo, na ukun ya sake zuwa ta taga. In yunwa ta taso, ta jiƙa burodi a ciki.

Da gari ya waye hanyarsu take rabuwa. Jaye ya shiga zaurensa ya ja ƙyaure, matarsa ta kori yara da awaki daga ƙofar, ba mai tashinsa sai azahar. Ƙaramin ma'aikacin da ke taya Majo, in ya kwana aiki, a ba shi yinin ya huta. Hasiya kuwa in ta shiga gida turmi ke jiranta. Ta yi surfe, ta je rijiya, ta dama fura, in damina ce ta bi Ɗanasabe gandu. Barcinta shi ne ɗan abin da ta sata tsakanin azahar da la'asar, yaro na tsotson nono, wani na kuka a kanta. Ɗanasabe ba mugun mutum ba ne. Bai dai taɓa tunanin cewa mace mai lafiya za ta kwanta rana tsaka a bar daka ba, ita ma ba ta taɓa nema ba.

Ciwon ya shigo a hankali. Ta yi jiki da farko, mata suna ce mata aikin gwamnati ya karɓe ta. Daga baya ƙishirwa ta kama ta, ta shanye randa ba ta ƙoshi ba, ta riƙa zagayawa ba iyaka. Jikin ya zube. Fadila ce ta fara lura kiyashi na taruwa inda mahaifiyarta ta yi fitsari. Hasiya ta faɗa wa Majo. Ya ba ta ƙwayar zazzaɓi, ya ce gajiya ce.

Majo Labo ya aje aiki shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai. Bai koma garinsu ba, domin ya riga ya gina gida a Gidan Tata, ya yi garka, wato lambu, a bakin fadama. Aka kawo sabon majo, wani saurayi mai suna Rashidu, wanda ya yi aiki a Gidan Rumji da Cadakori. Cikin satinsa na farko ya maido da karɓa-karɓa tsakanin ungozomomi. Shi ne kuma ya gwada fitsarin Hasiya, ya tura ta Maraɗi aka ɗebi jini. Aka ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe.

Rashidu ba mai cika baki ba ne. Abin da ya faɗa mata, wanda ya maimaita mini daga baya sa'ad da na zo garin ina bin diddigin wannan labari, shi ne ba zai iya rantsuwa cewa abu guda ne ya jawo ciwon ba. Akwai gado, akwai ƙiba, akwai abin da mutum ke ci. Amma jikin da aka hana barcin dare shekara da shekaru ba ya sarrafa abinci yadda ya kamata. Ya ga ciwon a jikin maza masu aikin dare, direbobin manyan motoci da masu gashin burodi, saboda haka bai ce maza sun tsira ba. Bambancin da ya gani da idonsa shi ne namiji in ya kwana aiki yana ramawa da rana, mace kuwa wani aikin take tararwa.

Hasiya ta saurara har ya gama.

"Yaro, ni ban yi lakol ba, ban san boko ba. Jaye ya kwana, na kwana. Ga Jaye can yana tsalle kamar ɗan akuya. Wa ya ce in ba shi darena?"

"Inna, ki bar wa Allah."

"Na bar masa ciwon. Majo kuwa ban bari ba."

Cikin bazarar 1992 abubuwa biyu suka faru kusan tare. Ƙaya ta soki Hasiya a tafin ƙafar hagu, ba ta ma ji ba sai da wurin ya ruɓe. Rashidu ya wanke, ya ɗaure, ya ce mata a fili: mai wannan ciwo in gyambo ya kama ƙafarsa, hutu ne maganinsa. Ta zauna wuri guda, kada ta taka, in ba haka ba ƙafar za ta tafi.

Na biyu, wani jami'i ya zo daga Agye ya ce yanzu zamani ya sake, jama'a ne za su riƙa kula da likitarsu. A kafa kwamiti, a zaɓi shugaba, shi zai riƙa sa ido kan magani da ma'aikata. Za a yi zaɓen a ƙofar maigari, kowa ya tsaya bayan wanda yake so a ƙirga kawuna. Ya ƙara da cewa duk baligi yana da iko, mace ko namiji. Maza suka gyaɗa kai. Irin maganar da ake ji a rediyo ce tun da aka fara dimokuraɗiyya. A Gidan Tata, in an ce taron gari, masu gida ake nufi. Maigida ya tsaya, iyalinsa sun tsaya.

Majo Labo ya fito neman shugabancin, kuma ba wanda ya yi mamaki. Don kada a ce ba a yi zaɓe ba, dattawa suka lallashi Hayatu, wani mai awon wake da ba ya son hayaniya, ya tsaya a ɗaya gefen. Hayatu da kansa ya ce in da hali shi ma bayan Majo zai tsaya.

Majo ya san garin, ko kuwa ya san rabinsa. Ya sayo ganyen shayi ya raba wa kowace majalisa. Ya sayo sukari na kwali, mai ƙwaya-ƙwaya, ya ba Jaye ya bi gida-gida yana miƙa wa masu gida. Jaye ya iso gidan Ɗanasabe ya tarar maigidan ya tafi kasuwar Gangara. Hasiya na zaune a tsakar gida, ƙafa a miƙe.

"Uwar dare, saƙo ne na maigidanki. Ba naki ba ne, kada ki lasa."

"Daga wa?"

Jaye ya sosa ƙeya. "Majo."

Ta karɓi kwalin ta juya shi a hannu.

"Sukari ya aiko gidana."

"Wallahi kowa aka ba, Hasiya. Bai tuna ba ne."

"Na san bai tuna ba," in ji ta. "Shi ya sa."

Da la'asar ta sa Fadila ta yanko mata sanda. Ta naɗe ƙafar da tsumma a kan ɗaurin Rashidu, ta saka kwalin cikin zane, ta fita. Ungozoma ba ta sallama a zaure ta jira izini, kai tsaye take shiga cikin gida, kuma ba namijin da ke tambayar abin da ya kawo ta. A kowane gida ta tara matan a bayan ɗaki. Ba ta yi musu dogon bayani ba. Ta tambayi kowace wa ya riƙe ta ranar da ta durƙusa, kuma da wane lokaci. Ta kwance tsumman ta nuna musu ƙafar. Sannan ta ɗauki ƙwayar sukari ɗaya ta sa wa kowace a tafin hannu.

"Wannan na Majo ne. Kada ki sha, kada ki ba yaro. Ranar taro ki kai masa abinsa da hannunki, ki wuce bayan Hayatu."

Wata ta ce, "Inna, Hayatu fa ko sunan ƙwayar magani bai sani ba."

"Ko kututture aka kafa, ki tsaya bayansa. Ni ba Hayatu nike so ba."

Wata ta ce maigidanta ba zai bari ba.

"Ki ce masa za ki rijiya. Ƙofar maigari ba kan hanyar rijiya take ba?"

Da kwalin ya ƙare, matan suka riƙa ɗebowa daga na mazansu. Kwanaki tana wannan yawo cikin rairayi mai zafi, har unguwar Fulani da ke bayan gari. Rashidu ya kwance ɗaurin wata safiya, ya ga yatsu biyu sun yi baƙi, wari ya cika ɗakin. Ya aje almakashi.

"Inna, kina takawa."

"Ina takawa."

"In kika tafi Maraɗi yau, wataƙila yatsun kawai za su cire. In kika ƙara sati, ban sani ba."

"Taron yaushe ne?"

"Jibi."

"To, ɗaure mini. Gata ka kai ni inda kake so."

Ranar taro maza suka hallara bayan hantsi. Majo Labo ya zo cikin farar shadda, ya tsaya gabas da bishiyar maigari. Layinsa ya miƙe har bakin masallaci, Ɗanasabe na ciki, Jaye na ciki. Bayan Hayatu akwai ƙannensa da wani makaho da aka jawo ba a faɗa masa layin wa ba ne. Jami'in Agye ya fara shirin ƙirga.

Sai ga mata sun ɓullo ta hanyar rijiya, tuluna a kai, goyo a baya. Suka sauke tulunan a gindin katanga. Hasiya na gaba, hannu ɗaya a sanda, ɗaya a kafaɗar Fadila. Ta zo daf da Majo, ta buɗe hannu, ƙwayar sukari ta faɗi a kan takalminsa.

"Majo, ga saƙonka. An hana ni sha."

Ta ja ƙafa ta tsaya bayan Hayatu. Ta bayanta ta zo ta yar da tata, ta wuce. Haka suka riƙa yi ɗaya bayan ɗaya, ba mai magana, har farin sukari ya taru a gaban Majo, kiyashi suka fara hawa. Wani dattijo ya daka tsawa ya ce wannan wane irin rashin kunya ne, a kore su. Maigari ya dubi jami'in. Jami'in ya ce shi abin da aka aiko shi da shi ya riga ya faɗa, mace ko namiji.

Wani daga layin maza ya hango matarsa. "Ke Mariyama! Mi ya kawo ki nan?"

"Rijiya za ni, Malam. Na tsaya in huta."

Dariya ta ɓarke har cikin layin Majo. Jaye ya duba hagu, ya duba dama, ya sulale ya koma bayan matan, yana cewa shi dama inuwa ta fi yawa a can. Ɗanasabe bai motsa ba, amma bai ɗaga kai ba. Aka ƙirga. Ba a bukaci a sake ba, layin Hayatu ya zagaye rumbuna. Hayatu ya tsaya yana share gumi kamar wanda aka yanke wa hukunci.

Majo Labo ya dubi takalminsa. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake sukarin ya tafi gida.

Hasiya ba ta iya komawa da ƙafarta ba, a amalanke aka kai ta. Washegari Rashidu ya sa ta a motar kasuwa zuwa Maraɗi. Likitocin can suka duba suka ce an makara. Suka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa.

Na sami Majo Labo a garkarsa na tambaye shi. Ya ce ciwo na Allah ne, kuma ya ji an ce akwai shi a dangin uwarta. Ya ce ya sa ta aikin dare ne domin ta fi sauran iyawa, haihuwa mai wuya kuma da dare take zuwa. Maganar gona, ya ce bai tuna ba. Da na kai wa Hasiya wannan, ta ce a dangin uwarta ba wanda ya taɓa rasa ko ɗan yatsa, kuma in don iyawa ne, ai da ya faɗa mata sau ɗaya cikin shekarun nan.

Kwamitin Hayatu bai yi wani abin a zo a gani ba. Abu guda da aka tsayar, bisa shawarar Rashidu, shi ne ungozomar da ta kwana aiki a aika wa mijinta cewa a bar ta ta kwanta har azahar. Wasu mazan suna bi, wasu ba sa bi. Hasiya ba ta cika damuwa da wannan ba. Ɗanasabe yanzu shi ke kai ta Gazawa karɓar magani, kuma ta ce har yau bai gama jin bayani kan layin da ya tsaya ba.

Da ta dawo daga Maraɗi, a ƙofar gidanta take zama, kuma nan ce hanyar Majo zuwa garka. Kwana kaɗan ya daina bi ta nan, ya koma zagayawa ta lungun bayan rumbunan maigari. Da Hasiya ta ji, ta sa Fadila ta kai tabarmar can. Wata hanyar ba ta rage masa ba, sai dai ya bi ta cikin kasuwa, inda yara ke kiransa mai sukari.

Wata safiya ina zaune kusa da ita Majo ya ɓullo, guga a hannu, yana kallon katanga. Hasiya ta gyara zama, ta janye zanen daga kan dungulmin ƙafar, ta ɗaga murya yadda na cikin gidaje za su ji.

"Majo, ina kwana? An samu barci dai?"

Ya ƙara sauri ya wuce. Ta bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ta maida zanen.

"Gobe ma zai biyo," in ji ta. "Tumatirinsa na son ruwa."